Zaɓen Tiyo ga Famfo Mai Haɗa Ruwan Zafi da na Sanyi

Mutum yakan kwashe kwanaki yana zagaya shaguna kafin ya tsayar da kan famfon da zai sa a kicin ko a banɗaki, yana duba ƙyallinsa da nauyinsa da yadda hannunsa ke juyawa, amma da an zo kan tiyo biyun da za su kai masa ruwa daga bango sai ya karɓi duk wanda mai shago ya miƙo masa. A ganina an juya al'amarin, domin kan famfo idan ya lalace a cikin kwano yake ɗiga inda ido ke gani, shi kuwa tiyo a ƙarƙashin kwanon yake fashewa, a bayan ƙofar kabad, kuma ba ya daina zuba sai tanki ya ƙare ko wani ya rufe makulli. Yana ɗauke da matsin ruwa dare da rana, ko an buɗe famfo ko ba a buɗe ba. A Ostireliya, inda ake lissafa irin wannan asara, kamfanin inshora na IAG ya bayyana cewa kashi 22 cikin 100 na diyyar ɓarnar ruwa da magidanta suka nema a 2016 daga fashewar irin wannan tiyo ta samo asali.

Famfon da ake magana a kai shi ne mai baki ɗaya, wanda ruwan zafi da na sanyi ke shiga ta ƙasansa ta ƙofofi biyu, su gauraya gwargwadon yadda aka karkata hannunsa. Ƙa'idar da masu ƙera shi suke bi ita ce, idan mutum ya fuskanci famfo, zafi yana hagunsa, sanyi yana damansa, ja alamar zafi, shuɗi alamar sanyi. Bai kamata a ɗauki wannan a matsayin ado ba, saboda baƙo da yaro da tsohon da idonsa ya yi rauni duk da sabo suke kai hannu, kuma ruwan da hita ta kai digiri 60 a ma'aunin Salsiyos yana sale fata cikin 'yan daƙiƙu. Famfon da ke daidaita zafi da kansa kuwa, idan aka juya masa ruwan, aikinsa gaba ɗaya ne yake rikicewa, ya riƙa ba da ko dai tafasasshe ko dai mai sanyi ƙalau.

Kafin a yi maganar wane tiyo ya fi wani, sai an fara da awo, domin tiyon da ya fi kowane inganci ba shi da amfani idan bakinsa bai hau ba. Bakin sama, wanda ke shiga jikin famfo, siririn namijin tiredi ne (tiredi shi ne haƙoran da ake murɗawa su kama juna) mai zoben roba a wuyansa, kuma yawanci ɗayan biyu ne, M10 ko M12, wato kaurin tiredin milimita 10 ko 12. Bambancin milimita biyu ba ya ganuwa daga nesa, shi ya sa ya fi kyau a je shago da famfon ko da tsohon tiyon a hannu. Bakin ƙasa kuma macen noti ce mai washa a ciki, ko dai ta rabin inci ko ta uku bisa takwas na inci. Sunan yana ruɗarwa, don tiredin rabin inci idan aka aza masa ma'auni kusan milimita 21 ne daga waje, na uku bisa takwas kuma kusan 17. Wanda ya saba da kayan da ke bin lissafin Faransa, kamar yadda ake samu a Maraɗi da Damagaram, zai gan su da sunan 15/21 da 12/17, kuma abu ɗaya ne da na inci, suna hawa juna ba tare da matsala ba. Famfunan da aka ƙera don kasuwar Turai da yawa da uku bisa takwas suke zuwa, alhali bututun bangonmu, ko koren nan da ake narka bakinsa da wuta ko tsohon fayif na ƙarfe, a rabin inci yake ƙarewa, don haka sai an nemi mahaɗi ko makullin da ya shiga da rabin inci ya fita da uku bisa takwas.

Inda haɗari yake shi ne kayan Amurka. Tiredin Birtaniya, wanda mafi yawan duniya ke bi, kusurwar haƙoransa digiri 55 ce, na Amurka kuwa 60. A rabin inci dukansu haƙora 14 ne a kowane inci, shi ya sa notin yakan kama ya zagaya, mutum ya zaci ya dace, sai an buɗe ruwa a ga yana tsattsafowa. A uku bisa takwas ma adadin haƙoran bai zo ɗaya ba, 19 ne da 18. Wanda ya sayi famfon gwanjo ko aka aiko masa daga can, ya nemi mahaɗin da aka yi don wannan, kada ya yarda a cika wurin da farin tef ɗin naɗa tiredi a danne da sifana.

Abin da ake samu a kasuwa ya kasu gida huɗu ko biyar. Na farko ba ya buƙatar dogon bayani: farin tiyon roba zalla mai notin roba, wanda ake sa wa tankin masai. Ya fi kowane araha, yana iya ruwan sanyi mai ƙaramin matsi, amma zafi yana sassauta shi, ya kumbura, ya zame daga inda aka matse bakinsa. Ba shi da gurbi a ɓangaren hagu, kuma ni ko a dama ba na son ganinsa a cikin kabad ɗin katako.

Na biyu shi ne wanda kowa ya sani, mai saƙar ƙarfe mai ƙyalli a waje. Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba shi ne saƙar nan ba ita ke riƙe ruwa ba. A cikinta akwai bututun baƙar roba da ake kira EPDM, shi ne hanyar ruwan, saƙar kuma riga ce da ke hana shi kumbura. Muddin rigar tana nan lafiya, tiyon yana jure matsi mai yawa, amma da 'yan zaruruwa sun tsinke a wuri ɗaya sai robar ta leƙo ta kafar ta yi ƙululu, daga nan fashewa ce ta rage. Na taɓa cire wani daga ƙarƙashin wurin wanke kwanuka a gidanmu bayan da na ga tabon ruwan ƙasa a jikinsa, kusa da inda ake ajiye galan ɗin bilic. Da na shafa shi sai tsinkakkun wayoyi suka soke ni a yatsa, da na tsaga shi da wuƙa kuma na tarar robar ciki ta yi laushi tana barin baƙi a hannu kamar gawayin da ya jiƙe, ga ta da ƙananan tsage a daidai lanƙwasa. Daga waje, ban da wannan tabon da bai kai faɗin farce ba, yana ƙyalli kamar sabo. Tun daga ranar na daina yarda da kyan ɗan maciji irin na saƙa.

Abu biyu ne suka cinye wancan tiyon, kuma su ne raunin irinsa duka. Sinadarin kulorin da ke tashi daga bilic da sauran kayan wanke-wanke a rufaffen kabad yana cin ƙarfe marar tsatsa, musamman inda akwai danshi da ɗumi. Daga ciki kuma kulorin da ke cikin ruwan famfo da zafin hita suna tsufar da robar a hankali, har mutum ya fara ganin baƙaƙen ɓurɓushi a cikin kofi ko a rariyar bakin famfo. Akwai kuma batun lafiya. A 2010 ma'aikatar lafiya ta Birtaniya ta yi wa asibitocinta gargaɗi cewa tiyo mai robar EPDM yana iya zama maɓoyar ƙwayar cutar Legionella, wadda ke haddasa mummunan ciwon huhu, saboda fuskar robar tana ba ƙwayoyin wurin maƙalewa. Gargaɗin na wuraren da marasa lafiya ke kwance ne, ba wai a firgita magidanci ba ne, sai dai ƙwayar tana yaɗuwa ne a ruwan da ɗuminsa ke tsakanin digiri 20 da 45, kuma duk wanda ya buɗe famfo da azahar a watan Afrilu ya san ruwan tankin samanmu a nan yake wuni. Mai asibiti ko mai gidan da ake jinyar tsoho ya kamata ya sa wannan a lissafi.

Na uku a ido ba shi da bambanci da na biyu, saƙar iri ɗaya ce, amma bututun cikinsa na wata roba ce mai tauri da santsi da ake kira PEX. Bai cika ba ruwa wari ko ɗanɗanon roba ba, ba ya zubar da baƙin ɓurɓushi, kuma santsinsa bai cika ba datti wurin zama ba. Kuɗinsa ya ɗara, kuma yana da nasa halin: ya fi tauri, ba ya son a lanƙwasa shi a ƙuntataccen wuri, idan kuma ya karye sau ɗaya alamar karayar tana nan ko an miƙe shi. Ana gane shi ta rubutun da ke jikin ƙarfen da aka matse bakinsa da shi ko a kwalinsa, wani lokaci kuma idan aka leƙa ta bakin noti a kan hangi farin bututu maimakon baƙi. Tsakanin waɗannan biyu, ga ruwan da za a sha ko a dafa abinci da shi, na fi karkata ga PEX ba tare da wani kokwanto ba. Mai EPDM na kamfanin kirki ba abin ƙi ba ne, musamman inda wurin ya matse har ana buƙatar laushinsa.

Ita kanta saƙar iri-iri ce. Ta kirki ƙarfe marar tsatsa ce mai lamba 304, akwai kuma ta alminiyam da ta wayar ƙarfe da aka shafa wa tutiya, waɗanda ke yin fari-fari su ruɓe da wuri. Ana yawan cewa a gwada da maganaɗisu, kuma gwajin yana da amfani rabi da rabi: idan ya manne da ƙarfi to baƙin ƙarfe ne aka yi wa shafe, a ajiye shi, amma rashin mannewa ba shaida ba ce, don alminiyam ma ba ya kama maganaɗisu. Akwai kuma mai saƙar zaren roba mai ƙarfi, wadda bilic da ruwan gishiri ba sa ci, ita ce ta dace da kabad ɗin da ba yadda za a yi a raba shi da kayan wanki, sai dai haƙorin ɓera ya fi samun sa'a a kanta. Notin ma a duba shi, domin a nan ake yawan yin ha'inci. Na tagulla yana da nauyi, kuma idan aka karce cikinsa da bakin wuƙa sai rawaya ta bayyana a ƙarƙashin farin shafen. Na tutiya ba shi da nauyi, karcensa toka-toka ne, yakan tsage watanni bayan an ɗaure shi ba tare da kowa ya taɓa shi ba. Araha ba ta ado, kuma a wannan wurin bambancin kuɗin bai kai na sauya katakon kabad ɗaya ba.

Na huɗu bututun ƙarfe marar tsatsa ne zalla mai gaɓa-gaɓa kamar maƙogwaro, babu roba a cikinsa sai washar bakinsa. Wajen jure zafi babu kamarsa a cikin masu lanƙwasuwa, kuma hanyar ruwansa tana da faɗi. Sai dai sau ɗaya ake lanƙwasa shi a bar shi, domin yawan tanƙwarawa da miƙewa yana gajiyar da ƙarfen ya tsage a tsakanin gaɓoɓi. Babban cikas ɗinsa shi ne yawanci da noti yake zuwa a baki biyun, don haka ba ya shiga siririyar ƙofar M10 ta famfo mai jiki ɗaya. Gurbinsa shi ne famfo mai ƙafa biyu na rabin inci, da kuma bakin hita, musamman hita mai amfani da hasken rana wadda ruwanta kan wuce digiri 80 a ranar da aka yi zafi ba a ɗiba ba. Ma'aunin Turai na irin wannan tiyo, EN 13618, an gina shi ne kan matsin bar 10 (bar ma'aunin matsin ruwa ne) da zafin digiri 70, saboda haka duk gidan da ruwansa ke haura wannan, ko dai a sa na'urar da ke sirka ruwan tun daga bakin hita, ko a guji roba a kusa da ita.

Na ƙarshe ba tiyo ba ne, siraran bututun jan ƙarfe ne masu kaurin milimita 10 ko 12, waɗanda famfuna suka saba zuwa da su kafin tiyo ya mamaye kasuwa. Idan ana maganar daɗewa, shi ne gaba: babu robar da za ta tsufa, babu saƙar da za ta tsinke, ɓera ba ya iya masa. Abin da ya kore shi shi ne wahalar aiki. Sai an tanƙwara shi a hankali don kada ya karye, sai an sami mahaɗin matsewa da ya dace da bututun gidan, kuma ba ya yafe kuskuren awo ko na santimita ɗaya. Wanda yake da ƙwararren mai gyaran famfo da ya saba da jan ƙarfe, kuma yake son ya yi aikin ya manta da shi, ya zaɓe shi. Wanda kuma zai yi da hannunsa yana kwance a ƙarƙashin kwano da tocilan a baki, tiyo ya fi masa.

Akwai abin da ya fi duk waɗannan shafar gidajen da ke shan ruwa daga tankin sama, wato faɗin hanyar ruwa. Matsin ruwan tanki daga tsayinsa yake fitowa: kowace mita 10 tsakanin saman ruwan da bakin famfo tana ba da kusan bar 1. Tankin da ruwansa ke mita 6 daga ƙasa, famfon kicin kuma yana mita 1, rabin bar kawai zai bayar, banɗakin saman bene da tankin ya ɗara da mita 2 kuwa bar 0.2 ne rabonsa. Famfuna masu hannu ɗaya da yawa an ƙera su ne don ruwan da ya kai bar 1 zuwa sama. A irin wannan hali kowace milimita tana da daraja. Tiyon da faɗin cikinsa milimita 8 ne, idan aka kwatanta shi da mai milimita 13, hanyar na biyun ta ninka ta farkon fiye da sau biyu da rabi, ƙarfen bakin M10 kuma ya fi tiyon kansa ƙunci, kafarsa ko ƙwayar masara ba za ta wuce ba. Nan ne asalin kukan da ake yawan ji, cewa an sa sabon famfo mai tsada amma ruwa yana zuwa kamar zare, alhali tsohon famfon tagulla na tsakar gida yana cika bokiti nan da nan. Mai tankin sama ya nemi famfon da aka rubuta cewa yana aiki da ƙaramin matsi, ya fifita mai ƙofar M12 a kan M10, ya ɗauki tiyo mafi faɗi kuma mafi gajarta da zai isa. Mai injin ƙara matsi ko mai ruwan gwamnati mai ƙarfi ba shi da wannan damuwar, tasa damuwar ita ce ƙarfin saƙa da noti, saboda famfo mai hannu ɗaya yana rufe ruwa farat ɗaya, bugun da ruwan ke yi kuma a jikin tiyo yake sauka.

Kada mai tankin sama ya ce tunda ruwansa ba shi da ƙarfi kowane tiyo ma ya isa. A ɓangaren sanyi maganarsa tana da ƙanshin gaskiya, a ɓangaren zafi kuwa ba haka ba ne. Hita mai tara ruwa tana da makullin da ke hana ruwa komawa baya a mashigarta, ruwa kuma yana ƙara girma idan ya yi zafi, to tunda ba shi da hanyar komawa tanki sai matsinsa ya hau har ya kai inda ƙaramin makullin kariya zai buɗe ya ɗigar da shi, yawanci tsakanin bar 6 da 8. Wannan matsin yana isa har tiyon hagu a duk lokacin da aka kunna hita famfo yana rufe. Wato a gidan da tiyon dama bai taɓa ganin fiye da rabin bar ba, na hagu yana shan ninkin haka fiye da goma, ga kuma zafi. Idan kuɗi bai kai a sayi masu kyau biyu ba, na hagu ne ba a yi masa rowa. Wannan ɗigar da makullin kariya ke yi kuma aikinsa ke nan, toshe shi da wasu ke yi don ƙasa ta daina jiƙewa ganganci ne babba.

Wata matsalar kuma tana tasowa ne idan ruwan biyu ba daga tushe ɗaya suke ba, misali na sanyi daga injin, na zafi daga tanki. Mai ƙarfin yakan danne marar ƙarfin a cikin famfo, har ya tura shi baya ta cikin tiyonsa, mutum ya rasa gane dalilin da ya sa sirki ba ya yiwuwa. Akwai tiyo da makullai masu hana komawa baya a ciki, suna magance turawar, amma su ma suna cin wani abu daga ƙarfin ruwan da dama bai da yawa. Gyaran gaskiya shi ne a ciyar da hita da layin sanyi daga wuri guda.

Game da bakin ƙasa, zaɓin da ya fi muhimmanci shi ne tsakanin tiyo mai makulli a jikinsa da kuma makulli dabam a bango. Na farkon yana rage yawan mahaɗai da kuɗi, amma kafar makullinsa ƙarama ce, kuma ranar da tiyon ya lalace makullin ma tare za su tafi, sai an rufe ruwan gida duka kafin a sauya shi. Makullin bango mai zaman kansa, ɗaya a zafi ɗaya a sanyi, shi ne abin da nake ba kowa shawara, kuma ga mai tankin sama a nemi wanda kafarsa ke buɗewa gaba ɗaya. A ƙasashen da ake aikin gida da bututun jan ƙarfe na milimita 15, kamar Birtaniya, ana samun tiyo mai bakin matsewa da zoben tagulla da kuma wanda ake turawa kawai ya kama. Na turawar ya fi sauri amma yana son bututu mai santsi da aka yanke daidai, kuma ba ya riƙe bututun da aka yi wa farin shafe mai ƙyalli. Duka biyun ba su da amfani a bangon da ya ƙare da tiredin rabin inci.

Tsayi yakan zo santimita 30, 40, 50 ko 60. A auna daga ƙasan famfo zuwa bakin makulli a ƙara kaɗan, yadda tiyon zai yi lanƙwasa mai faɗi ba tare da ya miƙe kamar tsirkiya ba. Gajere yana jan bakinsa, dogo ƙwarai kuma yana naɗewa ya karye. Haɗa biyu don su kai ƙara wurin yoyo ne kawai. Idan aka tarar mai aikin farko ya juya bututun bango, zafi a dama, ba sai an fasa tayil ba, sai a ɗauki masu ɗan tsayi a gitta su a ƙarƙashin kwano don famfon ya zauna bisa ƙa'ida. Gane bututun zafi kuwa ba wuya: a rufe mashigar hita, a buɗe makullan bango ɗaya bayan ɗaya a cikin bokiti, wanda ruwansa ya yanke shi ne. Famfon da aka ga yana da tiyo uku kuma a tsaya a bincika, domin ko dai na ukun na bakin da ake jawowa ne, ko kuma irin na Jamus ne da aka yi don ƙaramar hita marar matsi, wanda haɗinsa dabam ne ƙwarai.

Ko an zaɓi mafi kyau, ɗauri marar kyau yana kashe shi. A fara zubar da ruwa daga bututun bango a cikin bokiti don yashi da ɓurɓushin aiki su fita, saboda su ne ke karce zuciyar sabon famfo. A ɗaura bakin sama a jikin famfo da hannu kawai har zoben roba ya zauna, ba sifana, ba tef, domin zoben ne ke tare ruwa ba tiredin ba. Ramin kwanon kicin yawanci milimita 35 ne, noti biyu ba sa wucewa tare, sai a zura ɗaya sannan ɗaya. A bakin ƙasa a tabbatar washa tana ciki, a ɗaure da hannu, sannan a ƙara kamar rubu'in zagaye da sifana ana riƙe da wuyan tiyon don kada ya murɗe. Idan aka ga tiyon ya karkace kamar igiya to a kwance a sake. Farin tef gurbinsa tiredin da ke shiga bango ne, inda babu washa, naɗa shi a ƙarƙashin noti mai washa yana hana notin isa inda zai danne ta.

Bayan haka a cire rariyar bakin famfo, a buɗe makullan a hankali, na sanyi da fari, a bar ruwa ya gudu ta kowane ɓangare har iska ta fita. A naɗa busasshiyar takardar goge hannu a kowane mahaɗi, don tana nuna danshin da yatsa ba ya ji. A sake wannan gwajin washegari bayan hita ta yi cikakken zafi famfo yana rufe, tunda a lokacin ne tiyon hagu yake fuskantar ainihin nauyinsa. Masu inshora da masu gyara da dama suna ba da shawarar a sauya tiyo mai saƙa tsakanin shekara 5 zuwa 10, don haka yana da kyau a rubuta wata da shekarar da aka sa shi a cikin ƙofar kabad, a mayar da galan ɗin bilic wani wuri, a kuma riƙa rufe makullan bango biyun duk lokacin da za a yi tafiyar kwanaki.